Har yau kuka nake yi, ko imanina ne ya yi rauni?

TAMBAYA: Gwaggo, ina gaisuwa. A garin Kuseri na ƙasar Kamaru nake zaune. A ambaliyar watan Oktoban 2022, da kogin Logon da na Shari suka cika suka batse, ruwa ya cinye mana ɗaki biyu. Ba mu gama tayar da bango ba maigidana ya kwanta jinya, sati uku Allah ya karɓi abinsa. Na yi takaba na fita tuni, amma har yau in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida da magariba sai gabana ya faɗi, don a lokacin yake dawowa daga Injamena ta gadar Ngeli. Matan unguwa na cewa ba ni da tawakkali. Gaskiya ne? Kuma wane amfani ke cikin wannan raɗaɗi?

Wata 'yar'uwa daga Kuseri

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Matan nan ba su yi miki adalci ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, yana nan a aya ta 84 ta suratu Yusuf, kuma Allah bai zarge shi ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekara ta 10 da aiko shi, wadda ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, har yau Shekarar Baƙin Ciki malamai ke kiranta. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Wata 4 da kwana 10 na takaba kuwa hukuncin idda ne, ba a ce ranar da kika fita zuciya ma ta warke ba.

Tambayarki ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan ce miki rashin miji alheri ne ba. Ni ma na yi takaba a Marwa. Ranar sadakar uku gida ba masaka tsinke, ranar bakwai an ragu, bayan arba'in sai ni da butarsa da takalmansa a bakin ƙofa, na kasa ɗauke su. A lokacin ne wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta fara shigowa bayan la'asar da gyaɗa a faifai. Sai ta yi sallama, ta ja tabarma, ta turo mini rabi mu yi ta ɓara. Ko sau ɗaya ba ta ce mini in yi haƙuri ba. In hawaye ya zo ta bar shi ya zuba, hannunta bai daina aiki ba. Daga baya na ji 'ya'ya uku ta binne. Wanda bai ɗanɗana ba, da wuya ya san lokacin da gidan makoki ya fi bukatar mutum. Ita ta sani, ke ma yanzu kin sani, da tsada kika saye shi.

Sai dai ki kula da jikinki. In barci ya ƙaurace miki, abinci ya ƙi ciwuwa, ko kika fara jin gara ki bi shi, kada ki ɓoye. Ki faɗa wa wanda kika amince da shi, ku je asibiti ku ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani.

Ruwa ya sake yi wa yankinku ɓarna a 2024, daga Yagwa har Kuserin, ga kuma rashe-rashen yau da gobe. Ba za ki rasa wata a unguwarku da baƙi suka watse suka bar ta ita kaɗai ba. Tunda magariba ce ke miki wuya, ki ɗauki abin ɓara ko yakuwar tsinka ki je mata bayan la'asar, ki zauna har a kira salla ku yi tare. In kin je, ki rubuto mini in ji yadda kuka yi.