Tambaya da Amsa: Rautar da Babu Sunanta a OpenWrt

Tambaya: Malam, ina da shagon kwamfuta a Samaru, ɗalibai na zuwa hawa intanet. Na sayi rauta a Sabon Gari, ina son sa mata OpenWrt, wato manhajar da ake ɗura wa rauta a madadin wadda ta zo da ita, don in riƙa raba data daidai, amma babu sunanta a jerin na'urorin da OpenWrt ke aiki a kansu. In haƙura?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka haƙura tukuna. Amma don Allah kada ka ɗura mata manhajar wata rauta don kawai sun yi kama, kashe ta za ka yi.

Kwance murfin ka karanta sunan kamfanin da ke jikin babban cif, wato ƙwaƙwalwar rautar. In MediaTek ne ko Qualcomm Atheros, da sauran fata. Broadcom kuwa Wi-Fi ɗinsa kan ba da wahala. Ma'ajiyar manhaja mai 4MB da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) mai 32MB sun yi kaɗan, kada ma ka fara.

A jikin allon da cif ɗin ke kai za ka ga 'yan ramuka a jere, ana kiransu TX, RX da GND. Haɗa su da kebul ɗin USB-TTL mai 3.3V, wanda ke haɗa rauta da kwamfuta, ka bar wayar wuta ta kebul ɗin a sake. Ta nan za ka ga bayanan da rautar ke fitarwa tana tashi.

Abin da na fi damuwa da shi: kwafe duk ma'ajiyar ka adana kafin komai, musamman sashen da ke riƙe da saitin rediyo, domin na kowace na'ura daban ne. Sannan ka gyara fayil ɗin DTS (mai bayyana wa manhaja sassan na'ura) na wata rauta mai irin cif ɗinka, ka haɗa manhajar da shi, ka gwada ta a RAM ta TFTP (hanyar tura fayil daga kwamfuta zuwa rauta). Ranar da za ka rubuta manhajar a ma'ajiyar ta dindindin, jona rautar a inbata, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.