Amsa ga mai tambayar ko rediyon DAB na Ingila zai yi aiki a Jamus da Amurka

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: kana da rediyon DAB, wato mai kama tashoshin da ake watsawa ta tsarin dijital, da ka saya a Ingila, aiki zai mayar da kai Jamus, daga baya kuma wataƙila Amurka, kana so ka san ko ka sa shi a jaka ko ka bar wa wani. Na kuma ga an ce maka tunda na dijital ne, ko'ina ka kunna zai kama. Ba haka abin yake ba. Na daɗe ina yawo da irin waɗannan akwatuna daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka yi haƙuri, zan ɗan tsawaita.

A Jamus zai yi aiki idan yana karɓar DAB+, wato akwai alamar tarawa a ƙarshen sunan. A Amurka kuwa ɓangaren DAB ɗin ba zai kama ko tasha ɗaya ba, komai tsadarsa. FM ɗin da ke jikinsa ne kaɗai zai amfane ka.

Maganar alamar tarawar nan ita ce ta fi kayar da mutane. DAB na farko, wanda BBC ta soma watsawa a 1995, yana matse sauti ne da wani tsohon salo da ake kira MP2. A 2007 aka fito da DAB+, mai amfani da sabon salon matse sauti da ake kira HE-AAC, wanda ke cusa tashoshi da yawa a gurbin da a da ba ya ɗaukar rabinsu, kuma ya fi iya gyara kurakuran sigina. Zango ɗaya suke hawa, eriya ɗaya ke kama su, amma tsohon akwati bai san yadda zai warware sabon sautin ba. Abin da za ka gani shi ne ya lalubo tashoshin, har ya jera maka sunayensu a fuska, kana dannawa ka ji shiru. Kamar wanda aka miƙa wa wasiƙa ne ya karanta sunan da ke bayan ambulan, ya buɗe ya tarar da harshen da bai iya ba. Ingila ta riga kowa yaɗa DAB a gidaje, shi ya sa tsofaffin akwatunan suka fi yawa a can, kuma har yanzu manyan tashoshin BBC na ƙasa baki ɗaya suna kan tsohon salon. Mutum zai shekara yana sauraro lafiya lau bai san akwatinsa na da ne ba, sai ranar da ya tsallaka teku. Jamus, Holan, Beljiyam, Denmak, Norwe, Suwizalan, Italiya da Faransa duk DAB+ suke yi. Haka Ostareliya, wadda ta fara a 2009 a biranen Sidni, Melbon, Birisben, Adelaid da Pat.

Tun kana Ingila za ka iya gwadawa. Nemi Classic FM a ɓangaren DAB, domin ta koma DAB+ a farkon 2024. In ka ji kiɗa, akwatinka ya tsallake. Ka kuma duba kwalinsa ko akwai koren tambarin nan mai alamar maki da ake liƙa wa rediyoyin Ingila, wanda ke nufin yana karɓar FM da DAB da DAB+ duka. Wasu samfuran na tsakiyar zamani ana iya sabunta manhajarsu ta kebul su karɓi sabon salon, amma ba duka ba, kuma kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Gwaji ya fi.

Sai abu na biyu, wanda ba kasafai ake faɗa ba. DAB yana zaune ne a zangon da ake kira Band III, daga 174 zuwa 240 MHz, an yanka shi gurbi-gurbi daga 5A har 13F. Kowane gurbi yana ɗauke da dami guda na tashoshi, sau da yawa goma ko fiye. Damin BBC na ƙasa yana kan 12B, wato 225.648 MHz. Damin farko na Jamus baki ɗaya, wanda aka buɗe ranar 1 ga Agusta 2011 kuma yake ɗauke da tashar Deutschlandfunk, yana can ƙasa a 5C, 178.352 MHz. Shekaru da dama Ingila ba ta amfani da komai sai guraben sama, daga 11B zuwa 12D, don haka akwatuna da yawa da aka yi wa kasuwarta suna da lalube iri biyu: na kusa, wanda ke duba waɗannan 'yan guraben kaɗai, da cikakke, wanda ke bin zangon daga farko har ƙarshe. Na ga mutum ya isa Jamus ya danna na kusa, akwatin ya ce babu tasha, ya yanke hukuncin ya lalace. Shiga jerin saituna ka zaɓi inda aka rubuta "Full scan". Ni abin da nake yi ma, duk ƙasar da na sauka sai in mayar da akwatin yadda ya fito daga masana'anta tukuna, domin in ba haka ba tsofaffin sunaye na nan cunkushe da alamar tambaya a gabansu, kana ta bin tashoshin da ka baro a wata ƙasa.

Eriya kuma ka tsayar da ita cak, kada ka kwantar, domin a tsaye ake watsa DAB. Ba lallai ne ka zare ta duka ba. Rubu'in tsawon igiyar siginar a 5C wajen santimita 42 ne, a 12B wajen 33, alhali FM na son kusan 75. Idan sigina ta yi rauni, gwada rage tsawon kafin ka zargi akwatin. Ka kuma nisanta shi da cajar waya mai arha da wasu ƙwayayen fitila na LED. Na sha zama a ɗakin otal tasha na yankewa, ina kashe fitilar gefen gado ta dawo garau. Raunin sigina a nan ba irin na FM ba ne da za ka daure da shuu kana tsintar magana. Tsohon DAB yakan yi wani ɓulɓul mai cin kunne, DAB+ kuwa ɗif yake ɗaukewa.

Yanzu Amurka. Su ba su taɓa shiga tsarin DAB ba. Zangon 174 zuwa 216 MHz a can na talabijin ne, tasha ta 7 zuwa ta 13. A 2002 hukumar sadarwarsu, FCC, ta amince da HD Radio, inda kowace tasha ke maƙala siginar dijital a gefen mitarta ta FM ko AM, har ta ƙara 'yan tashoshi da ake kira HD2 da HD3. Kanada, wadda ta gwada DAB a wani zango dabam ta watsar, da Meziko, duk akwai HD Radio a cikinsu. Fasahar mallakar kamfani ce, sai da lasisi ake sa ta a akwati, kuma a mota aka fi samunta. Akwai kuma SiriusXM na tauraron ɗan'adam, wanda sai ka biya kuɗi duk wata, kuma yana da nasa akwatin. Babu ɗaya a cikinsu da rediyonka zai gane.

FM ɗinsa dai zai yi, da ɗan bambanci. Tashoshin Amurka suna kan lambobi masu ƙarewa da mara, irin 88.1 da 101.5, kuma akwatin Turai yana taka su duka. Wanda ya ɗauko na Amurka zuwa Turai ne ke shan wahala, domin wasu suna tsallake 88.2 da 101.4 gaba ɗaya. Za ka kuma ji sautin ya ɗan yi kaifi fiye da yadda ka saba, saboda Amurka na ƙara wa siraran sautuka ƙarfi da ma'aunin 75, Turai da 50, akwatinka kuma da lissafin Turai yake ragewa. Ba abin damuwa ba ne, kunne na sabawa. In yana da AM, wanda da wuya a samu a akwatin DAB, sai ka sauya takunsa daga 9 kHz zuwa 10.

Tunda wasu ma za su karanta, bari in taɓo sauran wurare da sauri. Indiya ta zaɓi wani tsarin dijital dabam mai suna DRM a matsakaicin zango, gidan All India Radio ke watsawa, kuma a motoci aka fi jin sa. Koriya ta Kudu tana da T-DMB, ɗan'uwan DAB ne amma an gina shi don hoto a waya. Japan ba ta da DAB, kuma FM ɗinta daga 76 MHz yake farawa, don haka akwatin da ya soma daga 87.5 ba zai ji Tokyo FM a 80.0 ko J-Wave a 81.3 ba. A Afirka, Tunisiya na watsa DAB+, Afirka ta Kudu ta yi shekaru tana gwaji, Ghana kuma ta soma nata gwajin a Akara da Kumasi a 2023. Inda babu turken watsawa, akwatin DAB rediyon FM ne kawai mai cin batir. Kuma a lura, ƙaramin rediyon da ke nuna lambar mita a fuska, aka rubuta masa dijital a kwali, yawanci FM da gajeren zango ne na yau da kullum. In ba ka ga DAB+, HD ko DRM a rubuce ba, babu su.

Ra'ayina, wanda na san wasu a nan ba za su yarda ba: kada matafiyi ya zuba kuɗi mai yawa a akwatin da tsari ɗaya kaɗai ya iya. Waɗannan tsare-tsare hukuncin gwamnatoci da kamfanoni ne, kuma suna juyawa. Finlan ta kashe DAB a 2005, Fotugal da Singafo a 2011, Hong Kong a 2017, gidan RTÉ na Ailan a 2021. A ɗaya gefen, Norwe ta rufe FM na manyan tashoshinta a 2017, ta fara daga Nordland a watan Janairu ta gama da arewa mai nisa a Disamba, gidan SRG na Suwizalan ma ya kashe nasa a ƙarshen 2024, sannan tun 21 ga Disamba 2020 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci masu rediyo su iya kama na dijital. Masu shekaru za su tuna WorldSpace, kamfanin rediyon tauraron ɗan'adam na Noah Samara, da tauraronsa AfriStar da aka harba a 1998. Kamfanin ya durƙushe a 2008, akwatunan suka zama kayan ado. Rediyon intanet ma bai tsira ba, domin da aka rufe rumbun tashoshi na Reciva a 2021, akwatuna masu yawa da suka dogara da shi sun rasa jerin tashoshinsu. Shi ya sa ni nake riƙe ƙaramin DAB+ mai FM, da wani dabam mai gajeren zango. Kada kuma ka ɗauka DAB zai kawo maka tashoshin nesa. Abin da turken yankin da kake ya watsa, shi kaɗai za ka ji, kuma tashoshin BBC da ka saba da su ba za su bi ka Jamus ba.

Saura wuta. Jamus da Ingila duk bolt 230 ne, bakin filogi kawai za ka sauya daga mai ƙafa uku zuwa mai zagayayyun ƙafafu biyu. Amurka 120 ce. Juya adaftar ka karanta: in an rubuta 100–240V, ko'ina za ta yi, in 230V kaɗai ne, sai ka nemi wata mai fitar da bolt daidai da na akwatin, ka kuma tabbatar bakinta bai juya tarawa da ɗebewa ba. Masu caji ta USB sun huta da wannan duka. Idan ka turo lambar samfurin da ke ƙarƙashin akwatin, zan duba maka ko yana cikin waɗanda ake iya sabuntawa.