Me ya sa ake gina wa dabbobin yaƙi wurin tunawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga hoton wani wuri a Landan mai mutum-mutumin alfadarai ɗauke da kaya, aka ce wai don tunawa da dabbobin da suka yi yaƙi aka gina shi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me dabba ta sani game da yaƙi har a karrama ta?

Amsa: Barka kadai. Gaskiya ne, yana nan a titin Park Lane, gefen lambun Hyde Park, kuma Gimbiya Anne ta Birtaniya ce ta buɗe shi a Nuwamban 2004. David Backhouse ne ya tsara shi. Doguwar katanga ce ta farin dutse mai lanƙwasa, an bar giɓi a jikinta. Alfadarai biyu na tagulla, kaya ya danne su, suna haurawa zuwa giɓin, a ɗaya gefen kuma doki da kare sun riga sun wuce, ba sirdi ba kaya. An sassaƙa giwaye da raƙuma da tattabaru a jikin katangar, kuma cikin waɗanda ake tunawa da su har da ƙwarin nan masu haske da dare, waɗanda sojoji suka riƙa duba taswira da haskensu a cikin ramukan fagen daga.

Tambayarka ta biyu, waɗanda suka gina wurin ma sun amsa ta, don rubutun da ke jikin katangar cewa ya yi dabbobin ba su da zaɓi. A ganina wurin ya fi kama da amsa bashi fiye da kirarin jarumta. Doki bai san Jamus ba, bai san Ingila ba, inda aka ja linzami can ya nufa. Ana ƙiyasta cewa dawakai da alfadarai da jakuna kusan miliyan 8 ne suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma da yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba. Yunwa ce, da sanyi, da cuta, da jan igwa cikin taɓo har ƙarfi ya ƙare.

Alfadaran nan ma suna da alaƙa da mu. A yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu), lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar Birtaniya ta Chindits da ke kutsawa bayan Japanawa a daji da alfadarai take dakon kayanta, kuma a 1944 akwai bataliyoyin sojan Najeriya uku a cikinta. Kafin a shiga da dabbobin, sai a yanke musu jijiyar murya don kada kukansu ya tona asirin runduna. Duk wanda ya taɓa jin kukan jaki da asuba ya san dalili, amma abin da ban tausayi.

Ba Landan ce ta fara ba. A Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, wadda yanzu ake kira Gqeberha, tun 1905 aka kafa mutum-mutumin soja ya durƙusa yana shayar da dokinsa da bokiti, don tunawa da dawakan yaƙin da Birtaniya ta yi da Turawan Boer a can daga 1899 zuwa 1902, kuma aka haɗa shi da kwamin shan ruwa na gaske. Tattabarun kai saƙo suna da nasu a Lille ta Faransa da kuma Brussels. Akwai ma lambar yabo ta Dickin da aka ƙirƙiro a 1943 don karrama dabbobin yaƙi, wadda tattabaru suka fi kowace dabba samu a shekarun farko.

Wanda ya fi burge ni dai ba na dutse ba ne. Da aka gama yaƙi a 1918, Birtaniya ba ta kwashe dawakanta duka zuwa gida ba, ta sayar da dubbai a Masar. Wata Baturiya, Dorothy Brooke, ta isa Alƙahira a 1930 ta tarar da su sun tsufa, haƙarƙari a waje, suna jan amalanke. Ta nemi gudummawa ta jarida, ta fanshi kimanin 5,000. Yawancinsu sun riga sun lalace, sai dai a ba su hutu da abinci na ɗan lokaci sannan a kawo ƙarshen wahalarsu. A 1934 ta buɗe asibitin dabbobi a birnin don tunawa da su, kuma har yau masu jakuna da dawakai suna kai dabbobinsu can a duba su kyauta.