Lambar da Abokinka Ya Ba Ka Ba ta Bindigarka Ba Ce

Ɗana, jiya da muna rufe shago ka nuna mini 'yar takardar da wani abokin aikinka ya rubuta maka. Sunan albarushi ne da lamba ɗaya. Ya ce da ita yake cika harsashinsa na .30-06, wani girman harsashin bindigar farauta, kuma barewar da ya harba ba ta ƙara taku. Ka ce tunda taka ma .30-06 ce, ga injin matsi ka saya, ga kwanso ka tara, ko za ka ɗauki lambar ka cika guda 20 kafin a buɗe farauta? Na ce maka a'a, ban tsaya bayani ba saboda magariba ta kawo jiki. Ga bayanin.

Da na koma gida na buɗe littattafan awon albarushi na kamfanin Lyman da na Hornady, na duba albarushin da ya rubuta. Lambarsa tana can bakin iyaka a littafi ɗaya, a ɗayan kuma ta ɗan haura. Bai rubuta nauyin kan harsashin ba, bai faɗi kamfanin kwanso ba, bai faɗi irin firaimar ba, wato ɗan ƙyastun nan na gindin kwanso da ke tayar da wutar. Ko da ya rubuta duka, amsata ba za ta canza ba. Bindiga biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya ba cikinsu ɗaya ba. Wata ɗakin harsashinta a matse yake, wata maƙogwaronta gajere ne, kan harsashi yana cin karo da zanen bututu da wuri. Abin da tasa ta shanye lafiya, taka tana iya kasa ɗauka.

Ka san ƙarfin da muke wasa da shi? Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera bindigogi da harsasai na Amurka suka kafa a 1926, ta sa wa .30-06 iyakar matsi fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci. Tayar motarka ba ta wuce 35 ba. Wannan ƙarfin yana tashi ne cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kuma kumatunka na manne da katakon bindigar, tazarar ɗani ɗaya tsakaninka da shi.

Na san inda tunaninka ya samo asali, domin ni ma da shi na zo ƙasar nan, Amurka. A gida mun taso muna ganin maharba suna ɗura wa bindigar toka albarushi da tafin hannu, ido ne ma'auni, idan ana son ta yi ƙara a ƙara kaɗan. Wancan baƙin albarushi ne, yana da ɗan haƙuri, ko da yake shi ma ya raba mutane da yatsunsu. Wanda ke cikin gwangwaninka wani abu ne daban, marar hayaƙi, irin wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884. Shi idan matsi ya ƙaru sai ya ƙara saurin ci, saurin cin kuma ya ƙara matsi. Saboda haka a kusa da iyaka ɗan ƙari kaɗan yana iya haifar da tashin da ba ka zata ba. Shi ya sa ake auna shi da giren, wanda sai ka tara 7,000 kafin su yi fam ɗaya, 15 da ɗoriya ke yin giram guda. Sikeli ne kawai ke ganin wannan.

Hanyar da za ka bi ita ce wadda aka koya mini. Ka nemo shafin da ya dace da kan harsashinka, nauyinsa da kamfaninsa, ka fara daga lambar ƙasa da littafin ya bayar, kada ka yi ƙasa da ita kuma, don ita ma tana da dalilinta. Ka cika 3 ko 5, ka ƙara ɗan kaɗan ka cika wasu, kowane rukuni a jakarsa da takardarsa. A filin gwaji ka fara da mafi rauni. Duk harbi ɗaya ka tsaya ka ɗauki kwanson ka juya gindinsa zuwa haske. Firaima mai lafiya gefenta yana nan da ɗan zagayensa. Idan ta baje ta cike ramin kamar an bi ta da dutsen guga, ko ka ga wani ɗan tabo mai sheƙi a kan rubutun gindin kwanso, ko sakatar bindiga ta yi tauri sai ka sa ƙarfi kafin ta ɗaga, to ka tsaya nan. Sauran jakunkunan ka dawo da su shago mu warware su. Kuma kada ka ɗauka rashin ganin alama izini ne na haura littafi, sau da yawa kafin alama ta bayyana an riga an wuce gona da iri. Zafi ma yana da nasa: cikin da ya yi lafiya a sanyin Nuwamba yana iya yin tauri a ranar Yuli idan harsashin ya daɗe a mota.

Kwanson da ka tsinto a filin harbi, shi ne ya fi damuna bayan lambar. Ba ka san sau nawa aka harba shi ba. Duk lokacin da aka harba kwanso aka sake matse shi, tagullar tana malalowa gaba, wuya ya ƙara tsawo, ƙugu ya sirance. Ka samo ƙarfen maƙale takarda ka miƙe shi, ka lanƙwasa bakinsa kaɗan, ka zura cikin kwanso ka jawo a hankali yana goga bango. Idan ka ji ya faɗa wani ɗan kwari kusa da gindi, ko ka ga siririn zobe mai haske daga waje a daidai wurin, ka murƙushe bakinsa da filaya ka jefa a kwandon tagulla. Irinsa ne ke tsinkewa biyu a cikin bindiga, iska mai zafi ta dawo wa mutum a fuska. Tsawo kuwa, na .30-06 kada ya wuce inci 2.494. Idan ya wuce, bakin kwanso yana cusuwa inda babu fili, ya shaƙe kan harsashi, matsi ya tashi alhali albarushinka daidai yake. Na soja kuma ka ware shi gefe, yawancinsa bangonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta. A nawa ra'ayin, mai farawa ya sayi sabon kwanso guda 50 na kamfani ɗaya ya huta, ko ya yi amfani da wanda shi da kansa ya harba a bindigarsa.

Maganar shafa wa kwanso mai kafin matsi da zaunar da firaima ta ɗan nutse ƙasa da gindi, waɗannan hannu ne zai koya maka, ba sai na cika ka da surutu ba. Tabarau dai kada ka cire shi muddin kana taɓa firaima.

Akwai doka ɗaya ta tebur da ba na sassauci a kanta: gwangwanin albarushi ɗaya tak a gabanka, sauran suna cikin kabad. Shekarun baya na gama cika harsashin ƙaramar bindiga da dare, gajiya ta sa ban juye ragowar daga mazubi ba. Bayan kwana biyu na zo na tuttula na babbar bindiga a kai, na cika 40. Ina shara sai na ga wasu 'yan fale-falen ƙwayoyi a kan farantin sikeli, alhali wanda nake aiki da shi dogaye ne kamar gutsattsarin bakin fensir. Jikina ya yi sanyi. Albarushin ƙaramar bindiga yana ci da sauri ƙwarai, idan ya cika kwanson .30-06 bindigar tarwatsewa take yi. Na zauna har tsakar dare ina zare kan harsashi ɗaya bayan ɗaya, na zubar da albarushin duka. Allah ne ya tsare. Tun daga ranar, kafin in ɗora kan harsashi sai na jera kwansuna a katako na haska tocila a cikinsu layi-layi, in ga albarushin ya tsaya a tsayi ɗaya. Wanda babu komai a cikinsa ma haɗari ne, domin firaima kaɗai tana iya tura kan harsashi ya maƙale a tsakiyar bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe. In ka taɓa jin harbi ya yi ƙaramar ƙara, kada ka sake ja, ka cire sakata ka leƙa bututun.

Yanzu abin da kake so a zahiri, wato barewa ta faɗi ba tare da ta wahala ba. Niyyar tana da kyau, amma ba ƙarin albarushi ke kawo ta ba. Harsashin kanti wanda kansa ke da nauyin giren 150 yana fita da gudun ƙafa 2,900 a daƙiƙa ko kusa da haka. Idan naka ya gaza shi da ƙafa 100, bambancin faɗuwarsa a yadi 200 bai kai inci ɗaya ba, huhu da zuciyar barewa kuwa sun kai faɗin faifai. A dazukan Pensilbaniya ma bishiyoyi ba kasafai suke barin ka hango yadi 100 ba. Abin da ke kashewa da sauri shi ne kan harsashi da zai buɗe idan ya shiga nama ya kuma riƙe jikinsa, sannan ya sauka inda ka nufa. Wani maharbi Ba'amurke, John Nosler, a 1946 ya harbi wani ƙaton naman daji a Kanada da bindiga mai ƙarfin gaske, harsashin ya wargaje a kafaɗa bai shiga ba. Ƙarfi bai rasa ba, kan harsashin ne ya gaza. Abin da ya sa ya koma ya ƙera kan harsashin da ake kira Partition ke nan, mai katanga a tsakiya, gaba ya buɗe baya ya ci gaba da tafiya. Barewa mai farar wutsiya ba ta buƙatar mai tsada haka, mai laushin baki na dalma giren 150 ko 165 ya wadatar. Amma kada ka ɗauko na harbin takarda ko mai rufaffen baki irin na soja, dokar jihar nan ma ta ce sai wanda aka yi shi don ya buɗe. Cikin da za ka zaɓa a ƙarshe shi ne wanda ya fi tara harbi wuri ɗaya a takarda, kuma a bindigogi da yawa da suka ratsa hannuna ƙasa da iyaka nake samunsa.

Harsashin da ka cika naka ne kai kaɗai. Dokar ƙasar nan ta yarda mutum ya cika don kansa, sayarwa kuwa sai da lasisi, kuma ni ko kyauta ba na bayarwa, ba na karɓa. Wannan sana'a ce ta inda doka ta ba da dama. A Najeriya haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne babba, saboda haka ba ilimin da za ka tura wa 'yan gida a waya ba ne.

Saura makonni uku a buɗe farauta, ranar Asabar da ke bin bikin godiya na Thanksgiving. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bana ka sayi kwali biyu na harsashin kanti iri ɗaya, ka daidaita madubin bindigarka da kwali ɗaya, ka shiga daji da ɗayan, ka yi bisimilla kafin ka ja kunama, ka kuma adana kwansunan. Su ne za mu fara da su bayan sanyi ya wuce. Ranar Asabar ɗin nan ka zo da sikelinka mu gwada shi da duwatsun awo na shago, ka taho da sabon littafin rubutu da buhun kwanson da ka tsinto mu tankaɗe shi tare. Takardar abokin naka kuma ka mayar masa, ka ce na ce ya kawo bindigarsa in duba fuskar sakatar.