Tambayi Likita: Wai mu kaɗai sauro ya sani?

Likita, wai gaskiya ne tarin tibi ya fi yawa a Indiya? Daga wani ɗan uwa a Zariya.

Gaskiya ne, kusan ɗaya cikin huɗu na masu tibi a duniya can suke. Amma Najeriya ma tana sahun gaba, in tari ya wuce sati biyu ka je a gwada kaki, kyauta ne a asibitin gwamnati.

Tunda an ce shan inna ta ƙare, me ya sa har yanzu ake bin gida gida da ɗigo? Daga Maman Ummi.

A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar, amma tana nan a Afganistan da Pakistan. Ki bari a ɗiga wa Ummi.

Likita, kakar yarana ta ce maleriya jininmu ne, turawa ba sa yi, kuma in yaro ya fara jijjiga a sa masa cokali a baki a yi masa hayaƙi. Daga wata baiwar Allah a Gusau.

To ’yar uwa, wannan tambayar ita ta fi damuna. Ba jini ba ne wallahi. Italiya ta sha fama da maleriya, sai 1970 aka tabbatar ta rabu da ita, Amurka ma ta yi, Sin a 2021, Masar da ke nan kusa da mu a 2024. Me suka yi? Sun gyara kwatami da kududdufai, sun yi feshi, sun bi duk mai zazzaɓi da gwaji da magani har ya warke. Mu kuwa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na 2022 sun nuna mutum wajen dubu 608 suka mutu a duniya, kusan kashi 31 cikin ɗari a Najeriya kaɗai, akasarinsu yara ’yan ƙasa da shekara biyar.

Maganar cokali kuma, dan Allah a daina! Na ga yaro an kawo shi haƙori biyu a karye, baki duk jini, ga hayaƙin ya shaƙe shi, an ɓata awa uku a gida ana ta turare alhali ƙwayar ta riga ta hau kwakwalwa. Jijjiga ba ta jira. Ki kwantar da shi ta gefe, kar ki ɗura masa komai ko ruwa, ki nemi mashin ko adaidaita ku wuce asibiti.

Kuma wannan ɗabi’ar ta zuwa kemis a ce a haɗa na ɗari biyar, yaro ya sha kwana ɗaya jiki ya yi sanyi a ajiye sauran don gaba, ita ke dawo mana da su a sume. Maganin kwana uku ne, a shanye shi duka. Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi, in ta ƙi ki sa baban yaran ya yi mata magana, amma zazzaɓi ya kwana ɗaya a jikin yaro, a je a yi gwaji. Gidan sauron da aka raba kuma a ɗaura shi, ba a kai shi lambu a rufe tumatir ba.