Gwangwanin kwabban Inna

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce da ake kwashe kayan ɗakin Inna, Allah ya jiƙanta, kun tarar da gwangwanin madara cike da tsofaffin kwabbai a bayan jeren kwanoninta, wani abokinka kuma ya ce maka kuɗin da aka daina karɓa tsada yake yi wurin masu sha'awar tara shi. Kana tambaya ko haka ne, kuma ko ya dace a sayar.

Kafin komai, gwangwanin nan gado ne. Ko allura mamaci ya bari, ta magada ce. Da mahaifiyarka da ni da ƙannenmu duk muna da haƙƙi a ciki, don haka kada ko anini ya fita gidan sai mun zauna.

Batun tsada kuwa, kada ka sa rai da yawa. Masu tara irin wannan kuɗi ƙaranci suke bi, sai kuma kyan jiki, wato wanda hannu bai cinye rubutunsa ba. Kwabon da ya zo da naira a 1973, mai hoton hasumiyar haƙar mai, an buga shi ba adadi. An janye shi da 'yan'uwansa har zuwa kwabo 25 a 2007, amma wane gida ne a Sakkwato za ka zazzage akwatin tsohuwa ka rasa shi? Haka taro da sisi da sule na 1959. Abin da kowa ke da shi, wa zai saya da tsada?

Za ka iya cin karo da kwabo mai huji na 1936 ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan mulki ba ya sauka. Mutane kan ɗauka sun tsinci dami a kala. To, na ƙasashenmu na Afirka ta Yamma an buga su da yawa ƙwarai, shi ya sa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Inda zan so ka buɗe ido shi ne sule da fataka, wato sule biyu, na 1913 zuwa 1919. Waɗannan azurfa ce. Ka jefa ɗaya a kan siminti, za ka ji ƙararsa ta yi tsawo, ba irin ta jan ƙarfe ba. Sun yi ƙaranci domin maƙeran fari sun narkar da su tuni sun yi zobba da warwaro. In kuma ka ga babban riyal mai kan mace da 1780 a jikinsa, shi ma azurfa ne, sai dai shekarar kada ta ruɗe ka, an ci gaba da buga shi da wannan lamba har bayan shekaru fiye da ɗari. Kuma don Allah kada ka goge ko ɗaya da toka da lemun tsami. Baƙin nan da ka gani masu saye shi suke so, gogewa rage masa daraja take yi.

Ka kiyayi masu yawo suna cewa akwai wani sinadari a cikin anini, za a ba da miliyoyi. Wani maƙwabcina ragon layyarsa ya sayar ya biya su kuɗin gwaji, har yau bai sake ganin ƙeyarsu ba.

Ni abin da ya taɓa zuciyata da na karanta saƙonka daban ne. Na san gwangwanin nan. Lokacin canjin kuɗi zuwa naira, Inna ta ba Malam sulallanta ya canzo mata, amma masu huji ta hana. Ta ce, "Waɗanga na ajiya na, ba na kasuwa ba." Da su ake yi wa 'yan mata ado. Daren sallah sai ta zauna kusa da fitila ta zura anini a baƙin zare, ɗaya bayan ɗaya tana ƙullawa, ta ɗaura a jelar kitson mahaifiyarka. Da safe muna tafiya kallon hawan Sarkin Musulmi kana jin ƙararsu a bayanta. Daga wannan gwangwani kuma take sallamar 'yan tashe da azumi. Har ta bar duniya kwabo goma sule take ce masa, kwabo biyar kuwa sisi.

Ra'ayina, in mun zauna, shi ne a ware na azurfa in akwai, a kai wa maƙeri ya auna, a raba kuɗin yadda shari'a ta ce. Masu hujin kuwa zan roƙi 'yan'uwa a bar wa mahaifiyarka, jikoki su riƙa gani. Ka dubi anini da kyau, akwai rubutun Larabci a jikinsa da tauraro mai tsini shida, ka nuna wa ƙannenka.

Ka zo da gwangwanin ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. In ka tarar da waɗanda har yanzu ke cikin zare, kada ka kwance su.

Ka gaida mahaifiyarka.