KU TAMBAYA MU AMSA: Zaman kasuwa zai shiga lissafi wajen neman MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai na gama digiri a fannin tattalin arziki da 2:2, na yi bautar ƙasa, tun daga nan nake zaune a shagon Baba a Kantin Kwari, yanzu kusan komai na shagon a hannuna yake. Ina son in tafi MBA a waje amma abokaina suna cewa sai wanda ya yi aikin banki ko kamfani ake ɗauka, kuma wai sai na samo wasiƙar shaida daga wani babban mutum. Dan Allah ya abin yake, kuma ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu, Fagge, Kano

AMSA: To ƙanena, abokan nan naka ba su faɗa maka daidai ba. Makarantun koyon kasuwanci suna son wanda ya yi aiki na 'yan shekaru kafin ya zo, wannan gaskiya ne, amma ba su ce dole sai aikin ɗaura nakatayi ba. Abin da suke nema shi ne mutumin da aka taɓa ɗora wa nauyi ya ɗauka, kuma kai da kake yanke shawarar wace atamfa za a saro, wa za a ba bashi wa za a hana, ya za a yi da farashi ranar da dala ta tashi kana da kaya a hanya, ai ka fi wani ma'aikacin ofis ɗin abin faɗa. Matsalar 'yan kasuwarmu ita ce rubutu, komai a ka yake. Su kuwa masu tantancewa ba su san Kwari ba, in ka rubuta "ina taimaka wa mahaifina a shago" shikenan ka kashe kanka. Ka koma littafin shago ka fito da lambobi, ciniki nawa ake yi a shekara lokacin da ka karɓa yanzu kuma nawa, yara nawa ke ƙarƙashinka, dilolin garuruwa nawa ka ƙaro, kuma kar ka ƙara gishiri don a intabiyu za su bi ka ɗaya bayan ɗaya.

Maganar wasiƙa kuwa, nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Wasiƙar sanata ko sarki wanda bai taɓa ganin aikinka ba wallahi ba ta da wani amfani a wurinsu, don tambayoyin da ake aika wa mai shaidar na ƙwaƙwaf ne, irin su ka ba mu misalin lokacin da ka yi masa gyara da yadda ya karɓa, to me sanata zai ce a nan? Baba ma ba zai rubuta ba, yawancin makarantu ba sa son shaidar dangi. Ka nemi wanda kuke saro kaya a wurinsa, ko babban kwastoma, ko akawun da ke duba muku lissafi, sai ka yi ɗan bayani a fom ɗin cewa kasuwancin na gida ne shi ya sa.

Sai jarrabawa. Tunda 2:2 gare ka, jarrabawar shiga makarantun kasuwanci da ake kira GMAT ce za ta wanke ka. Sabon tsarinta da aka fara a ƙarshen 2023 kashi uku ne, lissafi da fahimtar Turanci da nazarin bayanai, kowanne minti 45, maki kuma daga 205 zuwa 805, sakamakon yana aiki har shekara 5. Lissafin bai wuce na sakandare ba sai dai lokaci ne ke cin mutum, kuma ba a ba ka kalkuleta a ɓangaren lissafin, sannan kwamfutar tana ƙara wuya in ta ga kana ci. Makarantu da yawa suna karɓar GRE a madadinta, ka gwada gwajin kyauta na kowacce ka ga wadda ta fi kwanta maka. Wasu za su nemi jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, su sakamakonsu shekara 2 kawai yake yi don haka kar ka yi gaggawarsu.

Manyan makarantun Amurka zagaye-zagaye suke ɗaukar ɗalibai, na farko wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, na uku kuwa gurbi da tallafi sun kusa ƙarewa ga kuma biza. Can galibi shekara biyu ne, INSEAD ta Faransa wata 10, kuma ga mai shago wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Tiransikirif ɗinka, wato takardar cikakken sakamakonka na jami'a, tun gobe ka je ka nema, ka san halin jami'o'inmu. In kana hangen Chevening ta Birtaniya, mai ba da tallafin karatu, ka sani tana son aikin shekara 2, tana da iyakar abin da take biya wa MBA, ragowar daga aljihunka.

Ni dai a ganina in burinka ka faɗaɗa shagon Baba ne, ka duba Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke BUK, ko ta ABU Zariya, ko Lagos Business School kafin ka sayar da fili, kana karatu kana kasuwa.

TAMBAYA: Malam ni HND gare ni a fannin akanta, ina aiki ga yara, zan iya shiga MBA kai tsaye?
Daga wata mai karatu, Zariya

AMSA: 'Yar'uwa a yawancin jami'o'in Najeriya sai kin fara yin PGD, wato babbar difloma ta bayan digiri, tukuna, kamar shekara ɗaya, sannan ki wuce MBA, kuma za su nemi takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare mai kiredit a Turanci da lissafi. Tunda ga ki a Zariya, ABU tana da cibiyar karatu daga nesa da ke yin MBA ta intanet, ki leƙa shafinsu ki karanta sharuɗɗan wannan shekarar da kanki kafin ki biya kuɗin fom.